Neman Ɗan Yaya

Sai da motarmu ta wuce Banfora na yarda cewa mun bar gida. Har zuwa Bobo hanyar duk irin tamu ce, jar ƙasa da itatuwan kaɗanya da mata masu miƙo zomkom, ruwan geron sha, ta taga. Daga Banfora kuwa sai rake ya rufe gefen hanya, iska ta yi nauyi, ta ɗauko wani ƙamshi na jiƙaƙƙen ganye da ban taɓa shaƙa ba sai a bakin huhun goro idan an kwance shi. Na ce a raina, ashe daga nan ƙamshin yake zuwa mana.

Mu biyu ne, ni da Yaya Asabe, matar wan mijina. Mun tafi ƙasar Abijan neman ɗanta. Haka muka faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ya tafi sayen goro yammacin ƙasar kamar yadda kakanninsa suka yi, yaƙi ya rufe hanya a bayansa, shekaru suka yi ta wucewa babu shi babu labarinsa. Sai aka faɗa a rediyo cewa an fara tone ramukan da aka zuba mutane, wai akwai likitocin da ke gane mutum daga ƙashinsa, mai ɓataccen ɗan'uwa ya je. Mazanmu duka biyu sun riga mu gidan gaskiya. Yaya ta ce za ta je ko da rarrafe. Na ce zan raka ta, tunda na yi makarantar manya a unguwar Wemtenga, ina karanta allon tasha, ina da ɗan Faransancin gaisuwa.

Abin da ban faɗa wa kowa a hanya ba shi ne, ni na haife shi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, manyan unguwarmu ta Zango duk sun sani, sai dai ba abin faɗa ba ne. Shi ne ɗana na fari, kuma a wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido da ido. Ina yaye shi aka ba Yaya, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Da za a sa shi lakwal, makarantar boko, aka je meri, ofishin magajin gari, aka yi masa takarda da sunanta. Ya tashi yana ce mata Inna, ni kuwa Tanti, kamar kowace matar baffa. Idan dole ta sa in yi maganarsa, sai in ce ɗan Yaya. Ƙannensa na san su kamar yunwar cikina. Shi kuwa ƙeyarsa na sani, da dugadugansa, da yadda kafaɗarsa ta dama ke ɗan sauka idan yana tafiya, domin sai ya ba da baya nake ɗaga ido. Shi ma ya sani. Duk dawowarsa daga tafiya sai in tarar da farin goro a bakin turmina, ba wanda ya ce wa wani komai.

A iyaka aka sauke mu duka, aka karɓe takardu, muka wuni a gindin mangwaro. Wani jandarma ya tambayi inda za mu. Da Yaya ta faɗa masa, sai ya miƙo mata takardarta da hannu biyu, ya ce a wuce da tsofaffin nan gaban layi. Yaya ta yi ta mita a mota wai wa ya gaya masa ita tsohuwa ce.

A Bwake muka sauka don mu canza mota. A tashar wani mutum mai tsabtar riga ya ji Hausarmu ya matso, ya gaishe mu har ƙasa. Da tambaya ɗaya biyu ya zare duk kamannin yaron daga bakin Yaya, sa'an nan ya dafa ƙirji ya ce ai ya san shi. Yana nan da rai, a hayin iyakar Laberiya, yana haƙar zinariya, ya auri wata doguwar mace mai sayar da kifi, har sun haifi 'ya mace. Kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi. Yaya ta kwance bakin zane ta ba shi na kiran telefon, washegari ta ƙara masa da atamfar da ta yi guzuri. Muka yi kwanaki a kan bencin tasha muna jiran amsa. Rannan na je ɗiban ruwa a bayan rumfuna, sai na jiyo shi yana ba wata tsohuwa Bamosa labarin da Mosanci: haƙar zinariya, doguwar mace mai kifi, 'ya mace. Suna kawai ya sauya. Tsohuwar tana ta shafa addu'a.

Ban gaya wa Yaya ba. Na ce kawai mu ci gaba, idan da amsa za ta iske mu. Ta dube ni ta ɗaura ƙunshinta, ba ta sake tayar da maganar ba. Amma ni na riƙe labarin mutumin. A motar yamma, daji ya haɗe a kanmu har rana ta koma kamar ta cikin ruwa, ina gyangyaɗi ina shiga gidan nan na hayin iyaka. In ga kifi a kan wuta, in ga yarinyar tana rarrafe, in ga ƙeyarsa a bakin ƙofa yana alwala. Mota ta faɗa rami in farka, in sake lumshe ido in koma. Na san ƙarya ne. Har yau ban iya jin haushin mutumin nan yadda ya kamata ba.

Garin da muka nufa ba zan kama sunansa ba, mutanensa sun gaji da jin ana kama shi. Zangon Hausawa rabinsa kango ne, ciyawa ta fito ta tagogi. Wani mahauci mutumin Konni, Malam Sani, wanda yake yi wa likitocin tafinta, shi ya kai mu gidan wata mata 'yar garin, Mama Odet. Ɗakin da ta ba mu na ɗanta ne, rigunansa na rataye a ƙusa. Shi ma yana cikin wani ramin. Malam Sani ya ce mana a hankali, waɗanda suka kashe nata sunayensu irin namu ne, waɗanda suka kashe namu sunayensu irin nata. Ba ta taɓa kawo wannan zance ba. Ta wanke wata tukunya da toka ta ajiye gefe, ta nuna mana da hannu cewa tamu ce, naman da ba mu ci bai taɓa shiga cikinta ba. Kullum da safe ta ɗaure karenta sai mun gama sallah. Yaya ba ta son aceke, ta ce garin rogo ne da ya kwana, amma ba ta taɓa rage ko cokali ba.

Wurin aikin yana bayan wata tsohuwar ma'ajiyar koko. An kewaye shi da igiya, an kafa fararen tantuna. Na zaci zan ga tashin hankali, sai na ga shiru. Mutane cikin fararen kaya sun durƙusa a rami suna share ƙasa da ɗan buroshi, kaɗan kaɗan, kamar masu tsoron tashin mai barci. Wasu suna tankaɗe ƙasar a rariya, don kada haƙori ko ɗan ƙashin yatsa ya ɓace. Ƙasusuwan ba farare ba ne yadda nake tsammani, launin ruwan goro ne da su. Kuma a cakuɗe suke, hannun wannan a haƙarƙarin wancan. Aikin shi ne a raba su, a mayar wa kowa da nasa, a jera shi a kan dogon tebur daga kai har ƙafa.

Babbarsu wata gajeruwar mata ce mai furfura, daga wata ƙasa a bayan teku, kowa na ce mata Madam Dokta. Malam Sani ya ce a ƙasarsu ma an yi irin wannan, uwarta ta tsufa tana jira a bakin rami irin wannan. Da safe idan ta shiga tanti sai ta gaida teburan ɗaya bayan ɗaya da harshenta. Ta nuna mana yadda ƙugu ke faɗin namiji ne ko mace, yadda ƙashin cinya ke faɗin tsayi, yadda haƙori ke faɗin shekaru. A wani tantin an shimfiɗa abin da aka samu a jikinsu, takalma da bel da layu da carbi da giciye. Da makullai, makullai da yawa. Kowa ya kulle ƙofarsa da niyyar dawowa. Mun duba har idonmu ya gaji, ba mu ga abin da muka sani ba.

Sai aka zaunar da mu. Madam Dokta ta tambayi Yaya ko ita ce uwarsa. Yaya ta ce ita ce, ni ma na gyaɗa kai, domin gaskiya ce. Aka tambayi tsayinsa, da haƙoransa, da ko ya taɓa karaya. Yaya ta ɗan dube ni ta gefen ido ta ce bai taɓa ba. Daga nan aka sa mata ɗan tsinke mai auduga a cikin kunci, aka goga, aka rufe a kwalba. Ni na ɗauka irin dangwala yatsa ce da ake yi a meri, shaidar cewa mutum ya zo. Aka ce za a aika da shi nesa tare da ɓarɓashin ƙashi, mu jira.

Jira muka yi. Ruwan sama a garin nan ba ya sallama, ba ya ban kwana. Wankinmu ba ya bushewa, tabarma ta yi fumfuna. Idan rana ta leƙo mu taya Mama Odet baza koko, idan gari ya haɗe mu kwashe da gudu, mu uku tsofaffi muna haki muna dariya babu harshen da ya haɗa mu. Na yi kewar zafinmu mai bushewa. Na yi kewar tuwo da miyar kuka, da ƙarar babura a bayan kiran sallar la'asar, da maƙwabciyata da ke fara gaisuwa da Hausa ta ƙare da Mosanci. 'Yata mai sayar da abinci a unguwar Zogona takan kira ta ce, "Mama, ku dawo haka, sa sufi, ya isa," in ce mata to. Da rana idan hazo ya sauko kan bishiyoyi nakan ga kamar ayari ne na fatake ke wucewa ta cikinsa, da huhuna a kai, duk sun ba ni baya. In yi ta duba kafaɗu.

Ranar da aka kira mu, Madam Dokta ta cire tabarau ta ce babu ko ɗaya da ya dace da Yaya. Ta ce wataƙila yana wani ramin da ba a gano ba. Waɗanda ba a samu danginsu ba za a mayar da su ƙasa tare, kowa da lamba a madadin suna. Don ta kwantar mana da hankali ta ƙara bayani, Malam Sani yana fassarawa. Ta ce ƙashi ba ya manta cikin da ya kwanta. Abin da ke cikin yawun mace yana nan a cikin haƙorin ɗan da ta haifa, ko shekara nawa ya yi a ƙasa. Don haka ba su yi kuskure ba.

Ban dubi Yaya ba, ita ma ba ta dube ni ba. Muka yi godiya muka fito. Duk tsawon hanyar gida maganar ruwan sama muka yi.

Washegari ta fara haɗa kaya. Ina zaune a bakin gado ina kallon hannunta. Matar nan ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta sayar da kwanonin aurenta ta haɗa masa jari, ita ake yi wa jaje a Zango duk shekarun nan ni ina kawo wa masu jaje ruwa. Idan na buɗe baki, na karɓe shi daga hannunta a gaban baƙi, bayan yaƙi ya riga ya karɓe shi sau ɗaya. Idan na yi shiru, wataƙila yana can a kan tebur, mu hau mota mu bar shi da lamba. Ta naɗe zane ɗaya, ta naɗe na biyu.

Na ce, "Yaya, ko a gwada nawa?"

Ba ta tsaya ba. Ta gama ɗaure ƙunshin, ta ja ƙullin da haƙori, ta zauna a kansa. Har yau Amarya take ce mini, ko da yake furfura ta gama da kaina.

"Tun jiya nake jira ki faɗa, Amarya. Ni bakina ya ƙi."

Da muka koma, kalma ɗaya Malam Sani ya ji ya dafe goshi, ya ce shi ma Bahaushe ne, me ya hana shi tambaya. Ya daɗe yana yi wa Madam Dokta bayanin ɗan fari da riƙo, har yana gumi. Ta saurara, ta dubi Yaya, ta dube ni, sai ta ɗauko sabon tsinke. Da ta rufe kwalbar ta ɗauki biro, ta ce in faɗi sunana da sunan wanda nake nema. Nawa ya fito. Ɗayan ya tsaya. Na dubi Yaya ko za ta faɗa a madadina kamar kullum.

Ta ce, "Faɗi. Nan ba Zango ba ne, ba mai yi miki dariya."

Na ce, "Isiyaka."

Muryata ta fito siririya kamar ta yarinya. Malam Sani bai ji ba, sai da na sake. Na biyun ya fi na farko sauƙi. A hanyar komawa na yi ta juya shi a baki ba tare da sauti ba, kamar ƙwallon dabino.

Jira na biyu ya fi tsawo. Zazzaɓi ya kwantar da Yaya, Mama Odet ta dafa mata wasu ganyaye masu ɗaci, ta sha tana zaginta da Hausa, ita kuwa tana amsawa da amin. A cikin kwanakin aka gane ɗan Mama Odet. Ranar da za a binne shi muka tsaya a bakin cocinsu daga waje har aka gama. Da ta dawo ta sauke rigunan nan daga ƙusa, ta bar ƙusar.

Sa'an nan aka kira mu. Wannan karon ba a zaunar da mu ba, cikin tanti aka shigar da mu, gaban wani tebur da aka lulluɓe. Madam Dokta ta ce akwai wanda ya dace da ni. Abu ɗaya ne ya tsaya mata. Ta ɗaga gefen mayafin ta nuna ƙashin hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, inda ya yi ɗan ƙullutu. Ta ce wannan tsohuwar karaya ce tun ta yarinta, wadda aka ɗora ta warke, mu kuwa mun ce bai taɓa karyewa ba. Na ce haƙiƙa bai taɓa ba, gida ɗaya muke, da na sani.

"Ya karye," in ji Yaya.

Ta ce shekarar da ta tafi da shi garin Puytenga wai bikin 'yar'uwarta, ta daɗe har ana tsegumi, ba biki ba ne. Daga kan keken mijinta ya faɗo a unguwar Kossodo, ta wuce da shi wurin mai ɗori kafin labari ya iso gida. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa ko a ranar da likita ta tambaya.

"Kina zaune a gefena. Amana kika ba ni, in ce miki na karya ta?"

Na sa yatsa a kan ƙullutun. Santsi ne da shi, mai ɗorin ya iya aikinsa. Na ce mata ai ya warke. Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko a mutuwar mijinta. Madam Dokta ta yaye sauran mayafin ta fita ta bar mu. Na tsaya a wajen kansa na dube shi ta gaba, na daɗe ina dubawa, ba wanda ya ce in sauke ido. Goshinsa irin na babana ne. Ban taɓa lura ba.

Malaman zangon garin suka ce a yi masa sutura a nan, kada a wahalar da shi da hanya. Yaya ta fito da farin yadin da ta saya tun a gida wurin wani Bakano, ta ɓoye a ƙasan kaya ko ni ban sani ba. Muka naɗe shi mu biyu, aka sa a ɗan akwati. Motar da za ta kai shi masallaci ta kafe a taɓo tun safe, maza suna can suna jira. Malam Sani ya sunkuya zai ɗora akwatin a kai, Yaya ta riƙe hannunsa. Ta kwance zanen da ta yafa, ta karkaɗe shi.

"Juyo, Amarya."

Malam Sani ya buɗe baki zai ce wani abu game da mata da gawa, sai ya mayar ya rufe. Na juya na sunkuya. Ta ɗora mini shi a baya, ta ja zanen ta ƙarƙashin hammatana, na ɗaure sama, na ɗaure ƙasa. Hannuna bai manta ba. Da na miƙe, bai fi nauyinsa na ranar suna ba.

Muka bi ta tsakiyar gari da rana tsaka. Masu shanyar koko suka ja tabarmi suka ba mu hanya, wani mai keke ya sauka ya cire hula. Mama Odet tana gaba da lema ko da yake ruwan ya ɗauke. Yaya tana bayana, tafin hannunta a ƙasan goyon tana tallafawa, duk inda taɓo yake sai ta ce, "A hankali, akwai santsi." Da muka hango masallacin, maza sun miƙe tsaye, na ji ƙafata ta rage sauri. Yaya ba ta ce in yi hanzari ba. Ita ma ta rage nata.